Bindigar Ƙusar Rabo

Akwai wani kafinta a unguwar Jurf ta Madina mai suna Rabo. Hannunsa na da kyau a aiki, amma zuciyarsa a kusa take.

An sa masa rana da Suhaila, ƙanwar Saminu, abokin aikinsa. Ta taɓa gaya masa cewa sanyin tayil yana damun ƙafarta a lokacin hunturu. Sai ya yi alwashin ɗakin amaryarsa katako za a shimfiɗa masa, kuma da hannunsa.

Ranar da suka je kantin kayan aiki, Saminu ya nuna masa na'urar da aka yi domin wannan aikin. Ana ɗora ta a gefen katako a buga mata guduma, ƙusa ta shige a karkace ta ɓuya. Ya ce tana da nawa, amma ba ta fasa katako.

Rabo ya taɓe baki, ya ce aikin tsofaffi ne. Ya ɗauki babbar bindigar ƙusa mai aiki da iska, irin ta masu rufin gida.

A bakin bindigar akwai wani ɗan ƙarfe da ke hana ta harbi sai an danna ta a jikin katako. Rabo ya ga yana ɓata masa lokaci, ya danne shi ya ɗaure da waya don ta riƙa harbi kai tsaye.

Kafin azahar katakan sun fara tsagewa ɗaya bayan ɗaya, domin ƙusoshin sun yi musu kauri. Saminu ya tsuguna ya ɗaga wani da ya rabe biyu, ya yi dariya.

"Ango, ɗakin amarya muke yi ko faskare?"

Rabo ya ɗauke shi da mari. Saminu ya rama da naushi, leɓen Rabo ya fashe. Suka kama kokawa, suna birgima a kan ƙusoshi da ɓaraguzan katako. Da Rabo ya ga an danne shi, ya laluba ya jawo bindigar, ya nufi fuskar Saminu da ita don ya tsorata shi.

Saminu ya kare da tafin hannu. Yatsan Rabo ya taɓa kunamar bindigar.

Ƙusa ta huda tafin ta fito ta baya. Jini ya yi tsartuwa har bango, Saminu ya faɗi yana salati.

A asibiti likita ya ce yatsunsa biyu ba za su ƙara lanƙwasuwa ba. Duk da haka Saminu ya shaida wa hukuma tsautsayin aiki ne, domin ba ya so a ɗaure wanda zai auri ƙanwarsa.

Rabo ya ɗauka magana ta wuce. Ya je gidansu Suhaila da yamma, leɓensa a kumbure, yana ba da haƙuri. Daga bayan ƙofa ta saurare shi har ya gama.

"Yaya ya yafe, ni ma na yafe," in ji ta. "Amma fuskarsa ka nufa, Rabo, a kan wasa. Ranar da nawa wasan ya ɓata maka rai fa? Khalas, shi ke nan."

Washegari aka mayar masa da kayan aurensa.

Darasi: Wanda ya raina shawara wajen zaɓen kayan aiki, ya kuma kasa riƙe fushinsa, abin da yake ƙauna zai fara rasawa. Ana yafe laifi, amma tsoro ba ya fita daga zuciyar da ta ga jini. Ku tura wa wani mai saurin hannu da kuka sani, kafin ya ɗaga shi.