Zumar da Ba a Lasa Ba

Sarkin Kasuwa Gwadabe kullum ranar kasuwa sai ya bi masu zuma yana tsoma yatsa da sunan ɗanɗano, bai taɓa saye ba. Da Jatau mai zuma ya yi ƙorafi, sai ya hura hanci ya ce:

"Zumar taku ce ba ta da kirki. Kasuwa mai zuwa ka kawo mini wadda ta fi kowace zaƙi, wadda kuma bakin ɗan Adam bai taɓa lasa ba. In ka kasa, ka bar rumfar nan."

Ranar kasuwa Jatau ya miƙa masa gora, an liƙe bakinsa da kaki.

"Ga ta, ranka ya daɗe."

"Ya aka yi ka san ta fi zaƙi?"

"Ai ba a lasa ba, wa zai ƙaryata ni?"

Gwadabe ya kai hannu zai ɓalle kakin.

"A'a, ranka ya daɗe! Da ka lasa ta zama lasasshiya, ka karya sharaɗinka da bakinka."

Jama'a suka zuba masa ido. Ya rungumi goran ya wuce yana haɗiyar yawu.

Maƙwabcin Jatau ya tambaye shi, "Wace irin zuma ce haka?"

"Ruwan rijiya ne. Yau dai yatsan nan ya koma gida a bushe."