Yadda Korau Mai Tallan Turare Ya Tsira da Hannunsa

Taƙaitaccen bayanin al'amarin, kamar yadda yake ajiye a ɗakin takardun Birnin Murjani, shi ne: an yi amfani da sunan wani mai talla an yaudari Galadima, an ba mai tallan kwana arba'in ya wanke kansa, ko a sare masa hannun dama, ya wanke kan nasa, amma ba ta hanyar da ya tsara ba.

Mai tallan shi ne Korau ɗan Arzika, jikan Nomau mai turaren wuta, siriri, mai zaƙin alƙalami, mai ƙaiƙayin ƙafa, wanda bai taɓa zama har a gama dama masa fura ba. Kakansa ya yi talla da maƙogwaro, ubansa ya yi da ƙafa, shi kuwa ya tashi a zamanin da aljanu ke dakon wasiƙu ta cikin iska, abin da mutanen yanzu ke kira imel, don haka kowace Alhamis wasiƙu dubu uku ke tashi da sunansa, suna yabon almiski da hawi da sandal ga wanda ya nema da wanda bai nema ba. Masu tsaron ƙofofin birane kuwa ba sa duba komai sai sunan da ke bayan ambulan, suna kuma kowa na iya rubuta shi.

Ran nan wata wasiƙa ta isa ga Galadima Shekarau da sunan Korau, tana yi masa albishir da kyautar raƙuma goma na almiski, tana roƙon ya aiko da kalmar sirrin taskar sarki domin a san inda za a sauke kaya. Galadima, dattijo mai furfura da ilimi, ya aika kafin azahar. Kafin la'asar babu abin da ya rage a taskar sai amsa-kuwwa.

Aka gurfanar da Korau gaban Sarki Jatau, ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, suna nawa ne, amma wasiƙa ba tawa ba ce."

Sarki ya ce, "To, ta wa ce?"

"Ranka ya daɗe, ban sani ba."

"Mu ma haka. Hannun da muka sani shi za mu sare, sai in ka kawo mana wani cikin kwana arba'in."

Korau ya fita bai ko biya gida ba. Ya keta dajin da itatuwansa ke gulmar matafiya, ya haye kogin tawada mai gudu zuwa tudu, ran kwana goma sha uku ya isa fadar Sarauniya Zarƙa'u, aljana mai idanu saba'in, mai riƙe da littafin 'yan dakon iska. Ta ce, "Ɗan Adam, faɗi sunayen aljanun da ka yarje wa ɗaukar wasiƙarka, a manna a ƙofar kowane birni." Ya jero bakwai na gidansa ba tare da ya ja numfashi ba. Ta ce, "Babu saura?" Ya ce, "Ranki ya daɗe, babu," ƙafarsa ɗaya tuni tana waje. Akwai saura. Kashi biyu cikin uku na tallansa aljanun haya na tasha ke ɗauka, amma da yake ba a gidansa suke cin tuwo ba, bai taɓa lissafa su cikin nasa ba.

Daga nan ya nutsa ƙarƙashin tekun rairayi mai tafasa, inda maƙerin aljanu ya ƙera masa hatimi mai ɓari biyu, ɗaya a rataye a ƙofofin birane kowa ya gani, ɗaya Korau ya ɓoye a wurinsa, ta yadda duk wasiƙar da ya buga wa nasa ɓarin za a gwada ta da na ƙofa a ga ko sun haɗu. Da yake ba a narka irin wannan hatimi sai da abin da babu mai shi sai mai shi, maƙerin ya cire masa turmin haƙori da awartaki, ya ce, "Kada ka ara wa ko ɗan'uwanka." Korau ya ɗinke hatimin cikin layar damtsensa, ɗinki mai ninki bakwai.

Ran kwana talatin da uku ya hau kotun Alƙalin Aljanu, wadda ke bisa gajimare mara tafiya. Alƙali ya buɗe littafin iska, ya ga wasiƙar Galadima ba daga gidan Korau ta tashi ba, ya rubuta masa shaida, kwafi ɗaya tak. Sa'an nan ya ce, "Wasiƙar da ta zo da sunanka, ɗan dakonta ba ya cikin jeri, kuma babu hatimi, me za a yi mata? A bar ta ta wuce a sanar da kai, ko a jefa ta rumbun tarkace, ko a ƙone? Masu hankali kan fara da na farko, su yi wata guda suna karanta rahoto, su ga wa suka manta."

"Allah gafarta Malam, a ƙone."

"Ka ji abin da na ce game da masu hankali?"

"Na ji. A ƙone, a kuma kama ɗan dakon."

"Rahoto fa, ina za a kai maka?"

"Fada. Can zan kasance, da hannu ko babu."

Tafiyar gida kwana bakwai ce, Korau kuwa ba zai iya riƙe labari mai daɗi kwana bakwai ba. A tashar farko ya ga wani aljanin haya da ya saba yi masa dako, ya sa shaidar a ambulan, ya taɓa layar, ya tuna ninki bakwai, ya ce a ransa ai wannan karon kawai ne zai aika ba hatimi. Ya ce wa aljanin ya yi maza.

Da hantsin kwana na arba'in ya hango hayaƙi a ƙofar Birnin Murjani, mai ƙanshin almiski. Ya ƙara sauri. A fada ya tarar Hauni, mai saran hannu, yana wasa takobi, Sarki kuma bai ga wata shaida ba. Korau ya durƙusa yana neman ta inda zai fara, sai ga shugaban masu tsaron ƙofa ya shigo da rahoto, kamar yadda aka umarta, ya karanta ba tare da ya ɗaga kai ba: "Wasiƙun talla dubu biyu na ranar Alhamis, 'yan dako ba sa cikin jeri, babu hatimi, an ƙone. Wasiƙa ɗaya daga hanyar kotu zuwa ga sarki, haka nan, an ƙone. Wasiƙa ɗaya daga Kogon Jemagu zuwa ga Galadima, da sunan Korau, tana neman sabuwar kalmar sirri domin a maido da kayan da aka kwashe, an ƙone, ɗan dakon yana hannu tare da sauran."

Aka shigo da shi, ifiritu baƙi wuluk mai suna Sambatu, ya amsa cewa ta farkon ma shi ya rubuta, ganin ciniki ya yi kyau ya dawo.

Sarki ya dubi Galadima ya ce, "Da ta iso fa?"

"Allah ya taimaki sarki, da na duba ta da kyau kafin in amsa."

"Da ka amsa ke nan."

Aka sallami Hauni. Aka naɗa Korau Sarkin Hatimi, Galadima kuma ya aura masa 'yarsa Tasalla don maganar ta mutu a cikin gida.

Abin da al'amarin ya ci: haƙori ɗaya, takalma huɗu, wasiƙu dubu biyu, shaidar alƙali, wadda ba a sake rubutawa, masu saye ɗari da goma, da suka ji shiru suka ɗauka ya rasu suka koma wani shagon, kwana tara da aljanun haya suka yi a tsare ba laifi, kuma har yau ba sa gaishe shi. An samo rabin taska. Hannun dama yana nan.