Tagar Da Ba A Buɗewa

Akwai wani bawan Allah mai suna Rachidou, asalinsu mutanen Maraɗi ne, amma a Kwatano ya tashi, inda mahaifinsa ya yi kasuwanci har Allah ya karɓi abinsa. Yanzu yana zaune a Saint-Fons, gefen birnin Lyon, yana aiki a wata masana'antar sinadarai. Yana son mahaifiyarsa, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Aibinsa ɗaya ne: in ya yanke shawara, ko kai ne limamin unguwa sai dai ka ce amin.

Mahaifiyar tasa, Inna A'i, ita kaɗai ce a gidansu na Kwatano, kusa da teku. Tana fama da ciwon asma tun da jimawa. An yi an yi ta koma Maraɗi ta ƙi, ta ce a nan aka binne mijinta.

Rachidou shi ne ɗan farinta, kuma kun san halin iyayenmu da ɗan fari. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai ta ce "yayanku". In ya kira ta a waya, gaisuwa ce da sa albarka, shi ke nan an gama. Amma autarta Hamdiya, wadda ke aure a La Courneuve kusa da Paris, sai su raba yini suna hira, har wayar ta yi zafi.

Tagogin gidan irin na da ne da ake ce wa nako, ƙananan gilasai a jere da ake ɗagawa da ɗan maɗauri iska ta shigo. Iskar teku mai gishiri ta cinye ƙarfensu, tsatsa ta gama da su. Duk sanda aka yi ruwa da iska sai feshi ya jiƙa wa Inna katifa. Kowa ya yarda dole a canza su kafin damina.

Rachidou ya shiga shagunan Lyon yana dubawa, har ya ci karo da wata taga da ta tafi da hankalinsa. Gilashi ne mai kauri falle biyu, a manne yake da bango, ba a buɗe shi sam. Ruwa ba ya shiga, ƙara ba ta shiga, ɓarawo ya buga ya gaji. Nan take ya ɗauki hoto ya aika wa ƙanwarsa.

Hamdiya ta kira shi. "Yaya, tagar ta yi kyau, amma Inna ta ce nako take so, sabo, wanda tsatsa ba ta ci. Ta ce ita dai a bar mata inda za ta sha iska."

"Nako? Shi muke gudu kuma mu koma mishi? Zan sa mata kilim, na'urar sanyaya ɗaki, ya yi sanyi kamar nan."

"In kuran ya tahi fa, anka ɗauke wutar lantarki?"

"Écoute, saurara Hamdiya, ke ce ke sa mata magana a baki. Bari in tambaye ta da kaina."

Ya kira Inna, ya zayyana mata tagar tun daga kaurin gilashi har zuwa robar gefe. Ya ce, "Inna, ta yi miki?"

Ta ce, "To. Duk abin da anka yi daidai ne. Allah shi yi albarka."

Jama'a, duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san wannan "to" ɗin. Ba amincewa ba ce, kunya ce. Amma gogan naku ya ji abin da yake son ji, ya sake kiran Hamdiya yana cika baki, wai ga shi Inna da bakinta ta amince. Hamdiya ta ce masa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ya kashe wayar a kunnenta, kuma daga ranar ya rage ɗaukar kiranta.

Aka aika tagogin ta jirgin ruwa, aka kafa su, aka ma cire ƙarafan tsaro na waje tunda gilashin ya isa. Gida ya yi kyau ƙwarai, masu wucewa har tsayawa suke yi su duba fuskarsu. Duk sanda ya kira ya tambayi Inna yaya tagogi, amsa ɗaya ce: "Alhamdulillahi."

Damina ta kankama. Wata ranar aiki da la'asar, Rachidou ya fito hutu, ya buɗe akwatin da yake ajiye waya, don ba a shiga da ita cikin masana'anta. Ya ga kiran Hamdiya jere reras, allon ya cika. Kafin ya danna sai ga wani kiran ya shigo.

"Yaya! Ina ka shiga? Inna ce!" in ji Hamdiya. "Ana ruwa da iska a Kwatano tun azahar, kuran ya tahi. Ta kira ni ba ta iya magana, sai numfashi nake ji kamar ana shaƙe ta. Ta kulle ƙofar gida da sakata saboda iska. Attends, dakata, ga Malam Daouda a ɗaya layin, zan haɗa mu."

Malam Daouda maƙwabcinsu ne, tela, tun zamanin mahaifinsu suke tare. Muryarsa ta shigo tare da rugugin ruwa a kan kwano.

"Rachidou, muna bayan ɗakinta. Ƙohwar gidan ta ƙarhe ce, mun buga ta ƙi. Ga ta nan ina ganinta ta gilashi, tana ƙasa gehen gado."

"Tana motsi? Malam, tana motsi?"

"Bakinta na motsi, amma ba mu jin mi take cewa. Mu ma ba ta jin mu."

Rachidou ya jingina da bango. Wannan rashin jin ƙarar shi ne abin da ya fi burge shi a shago.

"Ku fasa! Malam, ku fasa gilashin!"

Ya ji Malam Daouda na kiran matarsa ta kawo taɓarya. Ya ji bugu na farko, ya ji na biyu. Bugu ne mai nauyi kamar ana dukan buhu, babu ƙarar tarwatsewa.

"Ya tsage kamar saƙar gizo, amma ya ƙi zubewa! Wane irin gilashi ne wanga?"

Hamdiya ta fashe da kuka tana salati. Rachidou ya san amsar. Akwai wata roba a tsakiyar gilashin da ke riƙe shi ko ya tsage, shi da kansa ya nemi irin wannan. Wani abokin aikinsa ya leƙo yana tambayar ko lafiya, ya ɗaga masa hannu kawai.

"Ta daina ɗaga kai," in ji Malam Daouda, muryarsa ta sauka ƙasa.

Tsoro ya kama Rachidou irin wanda bai taɓa ji ba. Yana tsaye a ƙasar mutane da hular aiki a kansa, mahaifiyarsa na mutuwa a cikin ɗakin da shi ya toshe mata. Ya runtse ido ya tuno yadda magina suka aiko masa hoton aikin. Ba a cire gilashin ta waje, amma bulon da ke kewaye da shi tsoho ne, gishiri ya ci shi.

"Malam, ku bar gilashin! Ku nemo diga da guduma, ku sari bangon da ke gehen tagar, ta ƙasa. Ku ɓamɓaro ta gaba ɗaya. Ku rushe komi, vite, maza, don Allah!"

Aka ajiye wayar a wani wuri. Daga nan ba abin da yake ji sai ruwa, da saran diga, da muryoyin maza suna "ku ja, ku ja". Shi da Hamdiya suna kan layi. Ya durƙusa a ƙasan simintin yana maimaita "Ya Hayyu Ya Ƙayyum", bai ma san yana yi da ƙarfi ba.

Can sai wani abu mai nauyi ya faɗi. Aka yi ta hayaniya, sannan shiru. Shirun nan ya fi komai tsawo a rayuwarsa.

"Tana numfashi," in ji Malam Daouda yana haki. "Kaɗan-kaɗan, amma tana yi. Za mu ɗauke ta a hannu zuwa bakin titi, ruwa ya cika unguwa."

Allah ya yi da sauran kwana. A asibiti aka sa mata iska ta farfaɗo. Da maƙwabta suka shiga gyara ɗakin suka janye akwatunanta, suka tarar bango ya yi baƙi ƙirin da fumfuna. Ɗaki ne da laima ke shiga ba ta fita, fumfunar nan Inna take shaƙa wata da watanni.

Ranar Asabar Rachidou ya hau jirgin ƙasa zuwa Paris. Bai sanar ba, Hamdiya ta buɗe ƙofa kawai ta gan shi tsaye, idanunsa sun faɗa. Ya ce, "Ki yahe mini." Ta matsa masa ya shiga.

Suna zaune sai wayarta ta yi ƙara, Inna ce daga gadon asibiti. Ya miƙa hannu zai karɓa, Hamdiya ta girgiza kai, ta sa yatsa a baki. Ta buɗe muryar wayar ta ajiye a tsakaninsu.

Abin da ya ji ya ba shi mamaki. Matar da bai taɓa jin ta yi dogon zance ba, ga ta tana ta zuba, tana tsokanar abincin asibiti, har da 'yar dariya duk da muryar ta dishe.

Hamdiya ta ce, "Inna, tun yaushe ɗakin nan ke damunki?"

"Tun randa anka sa tagogin nan, ɗiyata. In na shiga ji nikai kamar an rufe ni cikin tukunya. Da rana a bakin ƙohwa nike wuni. Randa ruwa ya hana ni hita, kin ga abin da ya hwaru."

"To mi ya hana ki hwaɗa wa Yaya?"

"Haba! Yaro ya sha wuya cikin sanyi ya yi mini abin arziki, in buɗe baki in ce ban so? Da wane ido?" Ta yi tari, ta numfasa. Ita ba ta san yana kan waya ranar ba, don ta riga ta suma. "Ke dai ki rufa mini asiri. In ya tambayi tagarshi, ki ce mishi iska ce ta kayar da ita. Kar ranshi shi ɓaci."

Rachidou ya toshe bakinsa da hannu biyu don kar ta ji, hawaye na bin yatsunsa. Ta kusa rasa ranta, amma damuwarta kar ransa ya ɓaci a kan gilashi.

Da ya samu numfashi, ya matso kusa da kunnen ƙanwarsa ya raɗa mata: "Tambaye ta wace iri take so. Duk abin da ta hwaɗa miki, shi za a yi."

Darasi: Ba kowace "to" ce amincewa ba. Iyayenmu sukan haɗiye wahala don kar su karya mana gwiwa, kuma wanda suka fi jin kunyarsa shi ya fi buƙatar ya kasa kunne ga wanda suke sakewa da shi. Kafin ka yi wa mutum alheri, ka nemi sanin abin da zai amfane shi a inda yake zaune, ba abin da ya burge ka a inda kake ba. Ku tura wa 'yan'uwanku, musamman 'ya'yan fari da masu yi wa iyaye hidima daga nesa. Allah ya bar mana iyayenmu, waɗanda suka riga mu ya jiƙansu.