Kuluwa Mai Rumbun Iri

Ga ta nan tafe, ga ta nanku.

Ta iso mu ji ta.

To ku matso kusa. Ke Lantana, bar cin gyaɗar nan da ƙara haka, in ba so kike in naɗe tabarmata ba.

A wani zamani an yi garuruwa biyu, Marke da Kanya, rafi ɗaya ne ya raba su. Tun kaka da kakanni suna da wata al'ada. In an yi girbi, sai mutanen Marke su zaɓi zangarniyar gero mafi kyau su kai Kanya ajiya, na Kanya ma su kawo tasu Marke. A zuba a rumbu, a yaɓe bakinsa da laka, ba mai buɗewa sai ruwan farko ya sauka. Dabarar kuwa ita ce, in gobara ko fara ta cinye gari ɗaya, irinsa na can ƙetare lafiya lau.

Mai tsaron rumbun da ke Marke wata tsohuwa ce, sunanta Kuluwa. 'Yar firit da ita, amma ga baki, ga taurin kai.

Can arewa kuma akwai Sarkin Baƙin Dutse, wanda ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan fadamar Marke. Sau biyu yana kawo yaƙi ana korarsa. Sai ya ce to, bari ya biyo ta wajen maƙwabtansu.

Sai ya aiki jakadansa Kanya da gishiri da riguna da daɗin baki. Barau mai garin Kanya ya karɓa hannu biyu. Da Kuluwa ta ji, sai ta ɗauki sandarta ta tafi wajen Nomau mai garin Marke. Ta ce masa ya tashi ya je ya gaida Barau, shekara bakwai ke nan rabonsa da ƙetare rafin nan, ko ta'aziyyar uwar Barau bai je ba. Nomau ya gyara zama ya ce Marke ce babba, mai son gaisuwa ya zo.

Sai jakada ya dawo. Wannan karon ya gina gida a Kanya, ya riƙa zama a hannun daman Barau, ba a yanke magana sai an dubi fuskarsa. Kuluwa ta koma wajen Nomau. Ya ce ta tafi ta ji da rumbunta.

Sai ga dakaru ɗari da baka da kwari, wai sun zo tsare Kanya daga ɓarayin shanu. Shanu nawa ne a Kanya, don Allah? Amma ina suka kafa sansani? A bakin mashigin rafi, suna kallon fadamar Marke.

Nan fa Nomau ya zabura kamar an ɗana masa garwashi. Ya tara samari, ya ce Kanya ta ci amana, a fasa rumbu a rabe irinsu a tuƙa tuwo, sannan a wasa makamai. Suka zo suka tarar da Kuluwa ta shimfiɗa buzu a bakin rumbu ta miƙe ƙafa.

Nomau ya ce, "Inna, tashi."

Ta ce, "Ba na tashi. Ajiya aka ba ni. Kuma namu irin yana hannun wa? In ka cinye nasu, da wane baki za ka nemi naka?"

Aka yi lallashi, aka yi barazana. Ta ce sai dai su ɗauke ta da buzun, kuma duk wanda ya taɓa ta, ita ta yanke masa cibi, ta san abin da za ta faɗa a kansa a kasuwa. Samari suka sulale ɗaya bayan ɗaya.

Tun daga ranar Kuluwa ba ta da zance sai ɗaya: za ta mayar da irin Kanya, za ta dawo da na Marke. Geron nan na Marke kuwa ba irinsa ko'ina, kwana saba'in ya nuna, ga zaƙi a fura. Tana tsoro, kada ku ce ba ta tsoro, amma ta ɗaure.

Ana nan sai ruwan farko ya sauka. Da hantsi Kuluwa ta fasa laka, ta labta wa jakuna uku dammunan Kanya, ta kora su. A mashigi dakaru suka tare ta. Ta ce kayan masu gari ne ta kawo musu. Suka dube ta suka bushe da dariya, suka ba ta hanya.

A dandalin Kanya ta sauke kaya, gari ya taru. Ta gaida Barau, ta ce ga ajiyarsu, ko zangarniya ɗaya ba ta yi ciwon kai ba. Sannan ta ce a ba ta na Marke.

Barau ya sunkuyar da kai. Ashe tun da rani dakaru suka fasa rumbun. Su mutanen yaƙi ne, ba su taɓa riƙe fartanya ba, ba su san iri daban da na ci ba. Suka ga gero mai kyau, suka sa aka daka musu fura. Barau yana gani, ya kasa hana su.

Kuluwa ta leƙa rumbu, ba komai sai ƙaiƙayi. Ta zauna daɓas ta yi kuka, kuka na gaske, don geron nan kakarta ta shuka shi, ita ma shi aka yaye ta da shi.

Sai jakada ya yi murmushi ya ce haba Inna, hatsi ai hatsi ne. Ya ce ubangidansa zai biya kowane dami da buhu goma. Ya ce ma Kanya ta daina wahalar kai ajiya ƙetare, daga bana sarki ne zai riƙa ba su iri. Ya sa aka kawo buhu aka kwance. Gero ne jawur, manya-manya, har jama'a suka fara gyaɗa kai.

Kuluwa ta share hawaye. Ta damƙi geron ta sansana. Ta ce a ba ta tsumma biyu da ruwa. Ta ƙulle na jakada a ɗaya, na Kanya a ɗaya, ta jiƙa, ta kife da ƙwarya a tsakiyar dandali. Ta ce kwana uku, kuma ba inda za ta.

Rana ta farko jakada ya aiko mata da zane, ta mayar. Rana ta biyu ya aiko a ce mata hanyar gida na iya rufewa, ta ce dama ba ta shirya tafiya ba. Rana ta uku ta ɗaga ƙwarya a gaban kowa. Na Kanya ya tsira fari fat. Na jakada ya kumbura ya yi tsami, ko ƙwaya ɗaya ba ta motsa ba. Guzurin yaƙi ne, an turara shi da wuta don kada ƙwari su ci.

Ta ɗaga tsumman ta ce, "Barau, wannan za ka shuka? In kuka shuka shi bana, baɗi sai abin da aka sammuku, kuma wanda ya sammuku shi zai faɗi inda za ku harba kibiya."

Barau ya miƙe. Ya ce a raba dammunan Kanya biyu, rabi na Marke ne. Ya ce daga yau ba macen da za ta ƙara daka wa sansani, ba mai kai musu itace, kowa ya tafi gona.

Kuluwa ta ce ba ita za ta ɗauki rabin ba. Ta aika Marke ta ce Nomau ya zo da kansa, in ya ƙi, bana ya shuka girman kansa. Sai ga Nomau ya naɗe wando ya shigo ruwa. Ya gaida Barau, ya yi masa ta'aziyyar da ta kwana shekara bakwai, ya ɗora dami a ka. Mazan garuruwan biyu suka rako shi mashigi da fartanyu a kafaɗa, dakaru suna kallo.

Dakaru suka ci guzurinsu har ya ƙare, suka ga ba mai ba su, ga garuruwa biyu sun haɗe kai. Sai suka kwashe komatsansu. Jakada ya bi su, amma bai rushe gidansa ba, kulle shi ya yi ya tafi da mabuɗi.

Da kaka ta yi, Nomau ya zo rumbu ya ce, "Inna, furar bana ba ta kai ta da ba."

Kuluwa ta ce, "Ba za ta kai ba. Wancan geron ya tafi ke nan. Ɗauki damin nan ka kai ajiya Kanya, Barau na jira."

Ƙurunƙus, kan kusu ya faɗa rumbu. In ka raina gaida maƙwabcinka, wani zai gaishe shi, kuma kai za ka ji a jikinka. Ku tashi ku wanke ƙafa.