Ranar da Umara Ya Sallami Mai Littafi

Akwai wani mutum a Azare ana ce masa Umara, Babarbare ne mai shagon buga takardu da kwamfuta kusa da kasuwa. Bakinsa ba ya hutawa. Ko gaisuwar mutuwa ya je sai an riƙa taka masa ƙafa.

Amininsa shi ne Malam Gidaɗo, Bafulatanin Bulkachuwa, tsohon malamin dabbobi. Kun dai san Fulani da Barebari: a haɗu da tsiya, a rabu da tsiya, wanda ya yi fushi kuma shi ya ji kunya.

Malam Gidaɗo ne ya ƙirƙiro wani wasa da suke kira Fatake. Ana zama a tabarma, kowa ya ɗauki matsayi, wannan madugu, wancan maharbi. Chibuzo mai kayan babur kuwa kullum ɗan fashi yake zaɓa, wai ya fi riba. Sai a watsa ƙwallayen dabino, Malam ya buɗe ɗan littafin dokokin da aka buga masa da tafireta, ya faɗi abin da ya sami ayari. In jakinka ya mutu, har wasiyyar jakin sai ya karanto maka.

Tun da matarsa ta rasu, duk ranar kasuwa sai ya shigo mota ya zo. Ba saye, ba sayarwa. Wannan zama na bayan La'asar shi ne kasuwarsa.

A shekarar 2008 Umara ya ari littafin, ya sa aka zuba dokokin kaf a kwamfuta. Ka danna, ita za ta jefa, ita za ta yanke hukunci. Ranar kasuwa ya jera benci a cikin shago, ya jira.

Da Malam ya yi sallama, Umara ya miƙa masa littafinsa da hannu biyu.

"Bawana, na 'yanta ka. Na samu sabon bawa, ba ya shan fura, ba ya tari. Koma wajen shanu."

Aka kwashe da dariya. Malam Gidaɗo ya fi kowa yi.

"Allah ya shirye ka, Babarbare. In NEPA ta ɗauke wuta ai za ka zo da rarrafe."

"Akwai janareta," in ji Umara.

Suka cika benci, kawuna suka haɗu a gaban allo. Malam ya tsaya a bayansu riƙe da littafi, yana leƙe ta saman kafaɗar Chibuzo. Mako na gaba ma ya zo, ya tsaya a wurin. Umara ya gan shi ta wutsiyar ido, ya ce a ransa: Bafulatani ne, ai yana dariya. Ya manta cewa Bafulatani ko ƙaya ya taka a gaban mutane, murmushi zai yi.

Daga nan bai ƙara zuwa ba.

Wasan ya yi ta tafiya, amma ba gishiri. Kwamfuta ta ce jakinka ya mutu, shi ke nan, sai na gaba. Wata rana Chibuzo ya ture kujera.

"Oga Umara, wannan abu ba ya tsoron ɓarawo, ba ya zagin ɓarawo. To me nake sata? Je ka ɗauko Malam."

Umara ya sayi goro, ya hau babur sai Bulkachuwa, yana ta shirya tsiyar da zai yi masa a hanya.

Hadijatu, 'yar Malam, ita ta fito zaure. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba Umara, ba ku ji ba? Yayana ya zo ya tafi da shi Mambila. Shekara da shekaru yana roƙonsa ya koma can wajensa, shi kuma yana cewa in ya tafi wa zai riƙe wa Barebari littafi. Watan jiya shi da kansa ya aika a zo a ɗauke shi."

"Yaushe zai dawo?"

"Har gonarsa ya sayar."

"Akwai waya a wajen?"

Ta girgiza kai.

Umara ya zauna a dakali, ƙullin goron a cinyarsa.

"Hadijatu, wallahi wasa nake yi masa."

"Ya sani, Baba. Ya ce maganarka ko a jikinsa, tsakaninku ne. Ya ce sau biyu yana tsaye har aka kira Magariba, babu wanda ya ce masa ga wuri."

Darasi: Na'ura tana iya ɗauke wa mutum aiki, amma kada ka bari ta ɗauke masa mazauni a cikinku. Kuma ba duk mai dariya ne bai ji ciwo ba. In kana da aminin da ya daina zuwa, neme shi yau. Ku tura wa 'yan majalisar hirarku, wataƙila akwai wanda ke tsaye a bayanku.