Ludayin Mama Damaris

Akwai wata mace a wani ƙauye, sunanta Damaris, mai sayar da koko. Tun tana da goyo take damawa a bakin kasuwa, har furfura ta rufe mata kai. Kuma ba kokon kaɗai ba. In mace ta haihu, ita ke dafa ruwan wanka. In an yi rasuwa, kafin dangi su gama kuka ta riga ta kafa murhu a bayan gida. Ba ta iya jawabi ba. A sujada ma bencin baya take zama, sau da yawa gyangyaɗi ya kwashe ta tun wa'azi bai yi nisa ba, don tun asuba take tsaye.

Tana da wata al'ada da kowa ya sani. Abin da ta fara ɗiba daga tukunya ba na sayarwa ba ne. Takan zuba a ƙwarya ta kai wa Baba Tanko, wani tsoho makaho da ba shi da kowa, can a wata bukka a hayin rafi. Ko ana ruwa, ko tana zazzaɓi, sai ta kai.

Ana nan sai Ubangiji ya kira ta. A bakin kabari 'yarta Kyauta ta riƙe hannun Mama Saraya, shugabar zumuntar mata, ta ce, "Mama, kokon Baba Tanko fa?"

Mama Saraya ta ce, "Haba 'yata, ki ji da kanki. Wannan ai namu ne, ki bar mana."

Kyauta ta bar musu, ta koma gida tana karɓar masu ta'aziyya.

To, sai aka sa ranar sujadar tunawa, ku zo ku ga himma. Aka yi taro a kan launin anko, har mata biyu suka daina gaisawa. Mawaƙa suka koyi sabuwar waƙa. Aka buga hoton Damaris a gaban riguna. Sai wani mai dabara ya ce a ɗauko ludayinta, wannan da bakinsa ya cinye don aiki. Aka wanke shi, aka shafa masa mai, aka ɗaura masa farin ƙyalle, aka rataye shi a bangon majami'a. Aka ce kada kowa ya taɓa.

Da safiyar ranar, a hanyar majami'a, Kyauta ta tambayi matan, "Yau wa ta kai wa Baba koko?"

Wannan ta dubi waccan, waccan ta gyara ɗaurin kallabi. Mama Saraya ta ce, "Ai na faɗa a taro, na ce a riƙa kai masa."

Kyauta ba ta ƙarasa majami'a ba. Ta juya da ankonta a jiki, ta haye rafi.

Ta tarar da ƙwaryar a bakin ƙofa, a wanke tas. Tsohon yana kwance a ciki, leɓunansa sun tsattsage. 'Yar gyaɗar da yake taunawa ta ƙare, ruwan randa ya koma gindi. Da ya ji takun ƙafa, ya ɗaga kai da ƙyar.

"Damaris, ke ce? In wata magana na faɗa ta ɓata miki rai, ki yafe mini. Kullum ina wanke ƙwaryar."

Ashe ko rasuwar ba wanda ya je ya gaya masa. Gari guda, masu ƙafa, masu baki, ba ko ɗaya.

Kyauta ta durƙusa ta gaya masa, ta ba shi sauran ruwan. Sa'an nan ta tashi, ranta yana tafasa. Ta shiga majami'a daidai lokacin da wani dattijo ke cewa ba za su taɓa mantawa da wannan baiwar Allah ba. Ba ta tsaya neman wurin zama ba. Ta wuce gaba, ta sauke ludayin, ta kwance ƙyallen ta yar.

Mama Saraya ta miƙe. "Kyauta, a gidan Allah? Wannan fa na tunawa ne."

Kyauta ta ce, "Mama, ke kika ce in bar muku, na kuwa bari. Kun shafa wa ludayi mai, mutumin da yake ciyarwa yana can kwance yana roƙon uwata gafara. Ku ci gaba da waƙarku."

Ta fita da ludayin, ta hura wuta, ta dama koko, ta koma hayin rafi. Ta tallafi kan tsohon tana ba shi kaɗan-kaɗan, yana sha yana hawaye. Ya rayu, amma da ƙyar.

Ga ma'anar wannan misali, kuma ba zan sassauta muku ba. Damaris ita ce kowane bawan Allah da ya yi hidima a cikinmu ba tare da hayaniya ba. Ludayin shi ne aikin da ya bari. Baba Tanko shi ne wanda aikin nan yake riƙe da ransa. Masu ankon kuwa, kada ku waiga, mu ne.

Mun iya jana'iza, wannan kam ba a fi mu ba. Mukan yabi matacce har murya ta dushe, domin yabo ba ya sa mutum ya tashi da asuba. "Na faɗa a taro" bai taɓa cika cikin kowa ba. Abin yana ba ni haushi, kuma ina gaya muku Ubangiji ba ya jin daɗin waƙar da aka rera a kan yunwar wani. A ranar shari'a ba zai tambaye ki launin ankonki ba. Zai tambaye ki wa kika ciyar.

Kowannenku ya san wata Damaris da muka binne. Yau, kafin ku sa loma a baki, ku tuna inda takan je, ku bi sawunta har ƙofar. Mai yiwuwa akwai wanda ya wanke ƙwarya da safen nan, yana nan yana jira.