Sarkin Maƙera da Ƙarfe Mai Ƙofofi

An yi wani Sarkin Maƙera ana kiransa Mamuda, wanda ya tsufa a bakin zugazugi. Wata rana ya zame a bakin rijiya, ƙashin ƙugunsa ya farfashe yadda ɗori ba zai kama ba. A asibiti likita Rufa'atu ta nuna masa ƙarfen da za ta dasa masa, wanda na'ura ta gina hawa-hawa, duk jikinsa ƙofofi kamar saƙar zuma.

Mamuda ya juya shi a tafinsa, zuciyarsa ta ɓaci. Ya ce, "'Yar nan, a maƙerata ƙarfe mai huji sunansa ɓarna. Gara in ƙare a kwance."

Da likita ta fita, matarsa Tasalla ta gyara masa matashi ta ce, "Malam, kada ka yi irin ta Makau mai duma."

Ya ce, "Me Makau ya yi?"

Ta ce, "Makau wani manomi ne da ya shuka duma, yana ƙaunarsa kamar ɗa. Ya gina masa katanga, ya shafe ta sumul. Duma ya miƙa hannu bai sami abin kamawa ba, ya kwanta a ƙasa. Makau ya rushe, ya kafa darni mai wagegen tsakani, iska ta kayar. Ya kawo zana mai matsattsiyar saƙa, duma ya rasa ta inda zai kutsa. Yana zaune ya yi tagumi, sai wata hawainiya ta ce masa, 'Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, duma ma haka ne. Yi masa ƙofa daidai hannunsa.' Makau ya ce, 'To, zan kuma ɗaure kowane reshe a jikin ginshiƙi, kada ya wahala ko kaɗan.' Ta ce, 'Ashe ba ka ji labarin Tunau da ubansa ba.'

"Makau ya ce, 'Ba ni in sha.'

"Hawainiya ta ce, 'Tunau saurayi ne ƙaƙƙarfa, ubansa ɗan koli. Don tausayi ya karɓe wa tsohon kaya duka, ko buta ba ya barinsa ya ɗauka. Kafin damina ta zagayo ƙafafun uban sun raunana, ba ya iya kaiwa masallaci. Ya kira ɗan, ya dafa kansa ya ce, ɗana, Allah ya yi maka albarka, amma bar mini rabona na nauyi. Tunau ya yi kuka, ya soma miƙa masa ƙaramin ƙunshi, har ƙarfi ya dawo. Gata in ya wuce kima, cuta ne.'

"Makau ya saƙa darni mai matsakaitan ƙofofi, mai ɗan rausayawa. Duma ya shiga ta nan ya fita ta can, har aka kasa bambance darni da shuka."

Da ta gama labarin, Tasalla ta ce, "Abin da likita ta bayyana mini ke nan. Ƙashi da jijiyoyin jini ta ƙofofin nan suke shiga su riƙe. An auna ƙofofin, ba su matse ba, ba su wage ba. Kuma ƙarfen ba shi da taurin da zai ƙwace wa ƙashinka aikinsa." Ta kama hannunsa. "Ni dai takunka nake so in sake ji a zaure."

Mamuda ya dubi furfurarta, idonsa ya ciko. Ya sake shafa ƙarfen da babban yatsa, a hankali, kamar yadda yake gwada aikin da ya burge shi.

Ya ce, "Na daɗe ina koya wa ƙarfe tauri, ban san ana koya masa karɓar baƙo ba. Kira mini yarinyar nan, ki ce na yarda."

Aka yi aiki, Allah ya ba da sa'a. Bayan watanni ya taka da ƙafarsa har maƙera, Tasalla na biye da shi tana faɗa ya rage sauri.